Ashe iPod Memori Yake Jira!

Jama'a, ku tsaya ku ji abin da na gano a Farm Centre! Gyaran wajen cajin wayata ne ya kai ni kasuwar waya ta Kano, ina tsaye gaban teburin wani matashi mai gyara, janareta na ruri, masu talla na kira ta ko'ina, sai idona ya sauka a kan wani ɗan ƙarfe da aka buɗe cikinsa aka ajiye a gefe. Fuskarsa na da ƙaramin gilashi a sama da zagayayyen maɓalli a ƙasa. Gabana ya faɗi, domin na san fuskar nan. iPod Classic ne, irin wanda 'yan gayu ke ratayawa a kunne kafin wayar shafa ta cika gari.

Na ce, "Injiniya, har yanzu ana kawo maka irin wannan?"

Ya ɗago ya ce, "Malam, ai wannan ba lalacewa ya yi ba. Ƙarin ciki mai shi yake so."

Ya nuna mini faifan ajiyar da ya ciro daga cikinsa, sannan ya nuna mini wani siririn allo mai ramukan memori da zai maye gurbinsa. Memorin nan dai da muka sani, wanda muke sakawa a waya. Ya cusa su, ya sa sabon batir wanda ya fi na asali girma saboda fitar faifan ta bar fili, ya rufe, ya haɗa da kwamfuta, ya mayar da kayan mai shi, wani ɗan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi. Na'urar da ta fito daga kamfani da giga 160 ta tashi da giga 512 a kan idona!

Ya miƙo mini iyafis ya ce in gwada. Na murza zagayen nan da babban yatsa, sunaye suna ta gudu: Shata, Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Barmani Coge, Ɗan Maraya Jos, ga Alƙur'ani cikakke da muryoyin makaranta daban-daban, ga tafsirin azumi shekara bayan shekara. Na danna Bakandamiyar Shata. Kalangu ya shigo, 'yan amshi suka karɓa, kasuwar nan duk ta ɓace mini. Ba layi a cikin abin nan, ba data, ba talla, ba wanda zai kira ya katse. Na tsaya har waƙar ta kai ƙarshe, kuma na rasa ranar da na yi wa wata waƙa haka a waya. Daga nan ban zarce gida ba sai da na yi wa yaron nan tambayoyi har ya gaji, kuma tun ranar nake bin diddigin abin nan ba ji ba gani.

Ga yadda labarin ya faro. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fitar da Walkman, ɗan rikodan kaset da mutum zai sa a aljihu ya yi tafiyarsa. Kaset ɗaya awa ɗaya ne ko awa ɗaya da rabi, in kana son ƙari sai ka ɗauki jaka. A watan Oktoba na 2001 Steve Jobs na kamfanin Apple ya fito da iPod na farko, giga 5, dala 399, mai ɗaukar waƙa 1,000. Sirrinsa wani ƙaramin faifan ajiya ne na kamfanin Toshiba mai faɗin inci 1.8. Abin ya karɓu fiye da zato, har a shekarar kasuwanci ta 2008 kaɗai Apple ya sayar da iPod sama da miliyan 54. A 2007 aka fito da Classic mai giga 160, wanda kamfanin ya ce zai ɗauki waƙa 40,000. To amma a wannan shekara ta 2007 ɗin ce aka haifi iPhone, kuma daga nan rana ta fara yi wa iPod yamma. A watan Satumba na 2014 aka daina ƙera Classic, shugaban kamfanin na lokacin, Tim Cook, ya ce kayan haɗa shi ne suka daina samuwa. A watan Mayu na 2022 aka sallami iPod touch, wanda shi ne na ƙarshe a gidan. Zune na Microsoft kuwa, da ya fito a 2006 don yin gogayya, tun 2011 ya kwanta.

Mai karanta wannan jeri zai ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, kuma dalilin yana cikin ramukan nan da injiniya ya nuna mini. Abin da ya kashe Classic faifai ne mai juyawa, mai cin batir, mai mutuwa idan ya faɗi ƙasa. Memori ba ya juyawa, ba ya jin faɗuwa, kuma ya yi shekaru yana girma farashinsa na sauka. A 2019 SanDisk ya fitar da ƙaramin memori mai tera 1, wato giga 1,000, abin da bai wuce farcen yatsa ba. Ku zo mu yi lissafi tare, don ni da na yi shi sai da na sake. Waƙar MP3 ta yau da kullum tana cin kusan mega 1 a kowane minti. Tera 1 ke nan zai ɗauki minti kusan miliyan 1, wato sama da awa 16,000. In ka kunna shi yau, dare da rana ba tsayawa, sai ka kusa shekara 2 kafin ka maimaita abu ɗaya! Ko da sautin da ba a rage masa komai ba ka zuba, wanda ake kira FLAC, inda faifan CD ɗaya ke cin mega 300 zuwa 400, za ka ɗauki faifai sama da 2,500.

Shi ya sa masu gyara a ƙasashe da dama ke farautar tsofaffin iPod. Sun fi son Classic na 2009, domin waɗanda suka fito a 2007 da 2008 ba sa ganin abin da ya wuce giga 128 da manhajarsu ta asali. Wasu kuma na 2005 da 2006 suke nema, masu nuna bidiyo, saboda sun yaba da daɗin sautinsu. Akwai ma wata manhaja ta kyauta, Rockbox, wadda 'yan sa-kai ke rubutawa sama da shekara 20, da ake ɗora wa tsohon iPod ya riƙa karanta FLAC, kuma ka riƙa jefa masa waƙa kai tsaye daga folda, ba sai ka bi ta manhajar Apple ta iTunes ba. Kamfani ya saki abinsa, masu sonsa sun ɗauka sun ci gaba da raya shi da hannunsu. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Amma babban abin mamakin yana gaba: ashe sababbi ma ana ƙerawa, kuma ba kaɗan ba! Sunan Walkman bai taɓa barin kasuwa ba. A 2023 Sony ya fitar da NW-A306, ɗan ƙarami mai ramin memori, a kan dala 350 ko kusa da haka. A 2022 ya fitar da NW-WM1ZM2, wanda jikinsa jan ƙarfe ne da aka shafe da zinariya, farashinsa ya haura dala 3,000. A Koriya ta Kudu akwai Astell&Kern, wanda ya fito daga tsatson iRiver, shi ma manyan na'urorinsa dubban daloli ne. Sai kamfanonin ƙasar Sin, waɗanda su ne suka riƙe tsakiyar kasuwar da ƙasanta: FiiO da ke Guangzhou, birnin da 'yan kasuwarmu suka sani ciki da bai, ga Shanling, ga HiBy. A wajensu za ka samu daga na ƙasa da dala 100 har zuwa na masu hannu da shuni. FiiO ma a 2024 sai da ya fitar da sabon rikodan kaset na aljihu, kuma ya samu masu saye.

Me mutum ke saye da waɗannan kuɗi? Waƙar da ke cikin memori lambobi ce zalla. Kafin ta zama sautin da kunne zai ji, sai ta bi ta wani ɗan guntu da ke mayar da lambobi sauti, sannan ta bi ta wani da ke ƙara mata ƙarfi ta iya motsa lasifikar kunne. A waya, waɗannan guntaye biyu suna matse ne tsakanin kyamara da eriya da sauran tarkace, an ba su ɗan fili da 'yar wuta kaɗan. A na'urar da aka ƙera don sauraro kawai, su ne masu gida, batir ɗin nasu ne, filin nasu ne. In ka sa babban hedifon mai son wuta, nan take za ka ji tazarar.

Sai dai zan faɗi gaskiya a nan, don ba na son kowa ya zubar da kuɗinsa a kan maganata. Da iyafis ɗin naira kaɗan, kunnen yawancinmu ba zai raba MP3 mai kyau da FLAC ba, balle ya ji amfanin zinariya a jikin ƙarfe. Wani mawaƙi mai suna Neil Young ya tara sama da dala miliyan 6 daga hannun jama'a a 2014 don ƙera Pono, na'urar da aka gina kacokan a kan alkawarin tsabtar sauti, kuma zuwa 2017 harkar ta rufe. Tsabtar sauti ita kaɗai ba ta riƙe kasuwa. Abin da ke riƙe ta, a ganina, abu ne da ya fi wannan girma, kuma mu nan mun fi kowa saninsa.

Abin nan shi ne mallaka. Mai sauraro ta intanet haya yake yi. Spotify, wanda aka fara a Suwidin a 2008 ya kuma iso Najeriya a watan Fabrairu na 2021, yana barin mai biyan kuɗin wata ya sauke waƙa a wayarsa, amma wajibi ne ya hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da ya sauke ya tafi. Ranar da ka daina biya kuwa, ƙofa ta rufe. Ko kana biya, waƙar na iya ɓacewa saboda rigimar da ba ruwanka da ita. A watan Janairu na 2022 Neil Young ɗin nan ya janye waƙoƙinsa daga Spotify, mawaƙiya Joni Mitchell ta bi sahunsa, ba su dawo ba sai 2024. Masoyansu sun wayi gari jerinsu ya zama wayam. Bambancin da ke tsakanin mai memori da mai manhaja shi ne bambancin da ke tsakanin mai rumbu da mai awo kullum a kasuwa: ranar da kasuwa ba ta ci ba, gidan ɗaya ne kawai za a hura wuta.

Kuma mun ga ranar da ba ta ci ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka biyo da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi makonni ba sabis. Wanda karatunsa da waƙarsa ke can sama a intanet ya zauna shiru, wanda nasa ke cikin memori ya ci gaba da sauraro. Ko ba a katse ba, duk matafiyi ya san inda sabis ke ɗaukewa a hanya. Ga tsadar data, wadda ta ƙaru bayan hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Ga batir: wayar da za ka kira gida da ita in dare ya yi maka a hanya, ita ce za ka ƙarar da cajinta wajen jin waƙa? Su kansu manyan wayoyin sun juya wa mai tara sauti baya. iPhone bai taɓa samun ramin memori ba, a 2016 kuma aka toshe ramin iyafis a iPhone 7. Samsung ya cire ramin memori daga Galaxy S21 a 2021.

A nan ne na gane cewa abin da Turawa ke kira dawowar tsohon yayi, mu ba mu taɓa barinsa ba. Ku dubi ɗan rediyon nan mai ramin memori da ke gaban mai shayi, da wanda tsoho ke ajiyewa a gefen tabarma yana jin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ko na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, da wanda mata ke kunnawa a tsakar gida suna aiki. Mene ne shi in ba na'urar sauraro mai zaman kanta ba? Ku dubi masu turi da ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa suna cika wa mutane memori. Duniya ma ta taɓa zuwa ta ɗauki darasi a wannan yanki. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga memorin wayoyin mutane a Kidal ta ƙasar Mali, ya fitar da su a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, bayan ya nemo mawaƙan don su samu rabonsu. A ciki akwai waƙar wani Buzu ɗan Nijar, Mdou Moctar, wanda ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008. Daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori waƙoƙinsa suka ratsa Sahara, yau kuma ga shi yana cika dandali a Amurka da Turai. Ba wata manhaja da ta gano shi, hannun mutane ne ya ɗauke shi.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Dukiyarmu ta sauti ba ta cika a manhajojin nan ba. Je ka nemi Narambaɗa ko Ɗan Anace ko Haruna Uji, za ka samu 'yan kaɗan, wasu an yanke musu kai, wasu an liƙa musu sunan da ba nasu ba. Shata ya rasu a 1999 ya bar waƙoƙi masu ɗimbin yawa, da dama daga ciki suna kan kaset a akwatunan mutane da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo. Kaset kuwa yana cin kansa, zafi da ƙura ba sa raga masa. Babu kamfanin da ke Suwidin ko Amurka da zai zo ya kwashe mana wannan. Wanda ya mayar da kaset ɗin mahaifinsa fayil, ya rubuta masa suna, ya zuba a memori, ya yi aikin da ba wanda zai yi a madadinsa.

Na san abin da wani zai ce: ai Tecno da Infinix da itel ɗinmu yawancinsu suna da ramin memori da na iyafis, me zai sa in ɗauki kaya biyu? Maganarsa gaskiya ce, kuma ga mutane da yawa waya ta wadatar. Ko tsohuwar wayar da aka cire wa layi tana iya wannan aiki. Amma na sayi wata 'yar ƙarama mai sauƙin kuɗi na gwada da kaina, kuma abin da na samu ba a ramin memori yake ba. Natsuwa ce. A waya, kana tsakiyar sura saƙo zai shigo, ka leƙa, daga nan ka faɗa Facebook, ka dawo ka tarar makaranci ya yi nisa ba ka san inda ya bi ba. A 'yar na'urar nan ba inda za ka leƙa. Ɗalibi mai hadda zai maimaita shafi har ya zauna ba abin da ya ja hankalinsa. Uba zai iya miƙa wa ɗansa ita da karatu da tatsuniya da waƙa, hankalinsa kwance, don ba ƙofar da za ta kai yaron inda ba a so. Wannan kaɗai, wallahi, ya isa dalili.

To ina aka dosa? Zamanin da za a sayar da miliyan 54 a shekara ba zai dawo ba, waya ta cinye wannan kasuwa kuma ba za ta mayar ba. Abin da nake gani shi ne hanya ta rabu biyu. Ta sama ta masu neman ƙololuwar sauti ce, kuma na'urorinsu da yawa yanzu Android ne a ciki, suna hawa intanet, har sun fara zama waya marar layi, abin da nake ganin yana rage musu albarka. Ta ƙasa ita ce tamu: ƙarama, mai araha, mai maɓallan da za ka danna tana cikin aljihu, mai batir mai jimiri, mai rami a buɗe. Girman cikinta ba ya hannun kamfani kuma, yana hannun memorin da ka saya. A nan ƙarfinta yake, domin ba wanda zai sake kashe ta da cewa kayan haɗi sun ƙare. In da 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou za su sa a ƙera mai rubutun Hausa a fuska, mai iya neman sura ko sunan mawaƙi cikin sauƙi, mai karɓar babban memori, ba na shakkar za ta samu masu saye daga Kano har Agadas.

Saura namu aikin. Mai karatu, in za ka sayi memori ka saya a wajen wanda ka amince da shi, ka gwada shi kafin ka dogara da shi, domin jabu sun yi yawa, za a rubuta giga 512 a jiki alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, sai ka zuba kaya su lalace. Kada ka ajiye dukiyarka a wuri ɗaya, memori ma yana mutuwa, ka yi kwafi a kwamfuta ko a wani memorin. Mawaƙin da ke raye kuma yana sayar da aikinsa, ka saya, haƙƙinsa ne. Ku kuma masu turi, don Allah ku daina matse sauti har kalangu ya rasa amonsa, fili ya samu yanzu, ku kuma rubuta sunan mawaƙi da sunan waƙa daidai a jikin kowane fayil. Wanda ke da kaset a gida, na waƙa ko na wa'azi ko na muryar wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya, ya fito da shi a wannan makon ya kai a juye masa tun zaren bai tsinke ba.